Ka Zaɓa Min, Dogo

"Ka zaɓa min kawai, in huta."

Auta ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai ba. Suna zaune a kan bencin da ke bayan ɗakin kwamfuta na sashen su Auta a jami'a, ta rungume jakarta kamar wani zai ƙwace.

Dogo ya girgiza kai.

"Ba zan zaɓa ba."

"Dogo..."

"Ki tambaye ni komai, zuciyata, ban da wannan."

Ta juyo ta kafe shi da ido, idanun har sun kaɗa.

"Wato ko na tafi ko na zauna, duk ɗaya ne a wurinka?"

"Ban ce haka ba."

"To me ka ce? Kowa a gidanmu ya faɗi nasa, har mai gadin layinmu ya tofa albarkacin bakinsa. Kai kaɗai da nake son jin ta bakinka, ka ɗinke shi."

Ya sosa ƙeya ya dubi ƙasa. Ita kuwa ta miƙe, ta rataya jaka, ta wuce ba ko sallama. Tana tafiya tana jira ya kira ta. Bai kira ba.

Auta na ajin ƙarshe a fannin kwamfuta, kuma abin da ya hana ta barci shi ne abin da ƙawayenta ke roƙon Allah ya ba su ko da rabinsa. Kamfanin da ta yi sanin makamar aiki a cikinsa ya yi mata intabiyu, ya ce ta zo ta fara aiki da zarar ta gama. Wata Farfesa kuma, daga wata jami'a mai nisa, ta ga aikinta na kammalawa, ta ba ta gurbin digiri na biyu ba tare da ta biya komai ba. Duka biyun suna jiran amsa, kuma ba wanda zai jira har abada.

A kamfanin nan ta haɗu da Dogo. Suna rubuta manhajar da masu kantin magani ke amfani da ita, mai sanar da su cewa magani kaza ya kusa ƙarewa, su saro tun da wuri. Shi aka ce ya koya mata aiki. Ranar farko ta goge masa aikin da ya wuni yana yi, ta tsaya tana jiran faɗa. Sai ya yi dariya, ya ja mata kujera ya ce, "Zauna, 'yar rigima, yau za ki koyi yadda ake dawo da abin da aka goge."

Tun daga ranar zuciyarta ba ta ƙara zama tata ita kaɗai ba.

Ta so aikin ƙwarai. Ka gyara abu da safe, kafin yamma wani mai kanti ya kira yana godiya. Amma a can ɗin ta ci karo da abin da ya tsaya mata a rai. Manhajar tana yin hasashe daidai a manyan kantuna, amma a ƙananan kantunan unguwa sai ta yi ta shirme. Ba wanda ya san dalili, ba kuma wanda yake da lokacin nema. Kamfani ya kashe hasashen a ƙananan kantuna, aka ci gaba da aiki. Auta ta kasa mantawa. Shi ta ɗauka ta yi aikinta na kammalawa a kai, ba ta kuma kai ƙarshensa ba.

Da ta isa gida ta tarar da Baba a falo da tabarau a karan hanci. Ya yi shekaru yana koyar da lissafi a sakandare kafin ya yi ritaya, kuma har yanzu in yana magana sai ka ji kamar za a ba ka jinga.

"Kin amsa wa Farfesar?"

"Tukuna, Baba."

"Me kike jira? Ko yaron nan ne yake hure miki kunne? Yaron da ya fara digiri na biyu ya ajiye a tsakiyar hanya. Wanda bai ƙarasa nasa ba, shi ne zai so ki ƙarasa naki?"

Umma ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa.

"Malam, yarinya ga aiki a hannu, ga yaro mai hankali yana son ta, kuma duk a cikin garin nan. Sai ka tura min ita uwa duniya? Karatun da ta yi bai isa ba?"

"Karatu yana isa ne?"

"Ni dai autata ba inda za ta."

Yayarta, wadda ta zo wuni, tana kwance a doguwar kujera tana danna waya. Ta ce, "Auta, ki ba ni ɗaya mana, tunda sun yi miki yawa."

Ba wanda ya yi dariya.

Auta ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Abin da ya fi kulle mata kai shi ne ta rasa gane nata son. In ta ji tana son karatun, sai ta ce ko dai don Baba ne? In ta ji tana son aikin, sai ta ce ko dai don ta riƙa ganin Dogo kullum ne? Baba ya ɗaure karatu da rabuwa da Dogo. Umma ta ɗaure Dogo da barin karatu. Ita da abin ya shafa ta zama 'yar kallo.

Akwai kuma Ƙaramin Malam. Mai taimaka wa malamai ne a sashensu, ɗalibai suka sa masa sunan saboda yadda yake tafiya da hannu a baya kamar tsohon farfesa. Ɗan aminin Baba ne, kuma shi ma jami'ar nan mai nisa zai tafi yin digiri na uku. Tun da ya ji an ba Auta gurbi, ya mai da gidansu wurin zuwa. Ya zauna da Baba su yi ta hirar ilimi, Baba yana jin daɗi.

Washegari da rana ya same ta ita kaɗai a ɗakin kwamfuta. Ya ja kujera ya zauna, ya yi fuskar tausayi.

"Ƙanwata, akwai maganar da na ji, na rasa yadda zan yi da ita."

"Wace magana?"

"Ba na son in shiga tsakani... amma ke kamar jinina ce." Ya rage murya. "Aikin nan da aka ba ki, ba intabiyu ne ya ba ki ba. Saurayin naki ne ya je ya yi ta roƙon shugabarsu har ta yarda. Akwai waɗanda suka fi ki maki, aka ture su."

Auta ta juyo ta dube shi.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ina da mutane a can. Ki yi tunani mana. Mutum ya kasa nasa karatun, ga ki za ki wuce shi. Ya fito fili ya hana ki, bai isa ba. Sai ya ɗana miki aiki, ya koma gefe yana cewa shi ba ruwansa."

Ya tashi ya bar ta da allon kwamfuta a gaba, ba ta ganin komai a kai.

Intabiyun nan ta yi alfahari da shi. Ta tuna yadda ta tsaya gaban allo ta warware tambayar da aka ba ta, kanta a tsaye. Ashe wasan kwaikwayo ne? Ashe shirun Dogo ba ladabi ba ne, dabara ce?

Ta ɗauki waya. Bugu ɗaya ya ɗaga.

"'Yar rigimata, kin huce?"

"Ka roƙi shugabarku, Madam, ta ba ni aiki?"



"Wa ya ce miki haka?"

"Ka roƙe ta ko ba ka roƙe ta ba?"

"Auta, kin san ni. In har kin iya yarda da wannan, me zan faɗa ya shiga kunnenki?"

"Ka ce a'a mana."

"Na yi magana da Madam a kanki, gaskiya ne. Amma..."

Ta kashe wayar.

Kwanakin da suka biyo baya, ya kira har ya gaji, ba ta ɗaga ba. Ta daina cin abincin kirki. Umma ta tambaye ta, ta ce zazzaɓi ne. Ƙaramin Malam kuwa ya ƙara ƙaimi, har ya gaya wa Baba cewa yaron kamfanin nan ya shirya mata tarko, Baba ya ce dama shi ya faɗa.

Daga ƙarshe ta yanke shawara. Za ta je da ƙafarta ta mayar musu da aikinsu.

Ofishin yana nan yadda ta bar shi, teburori a jere, wayoyin caji sun harɗe, firinta tana ta ƙugi a lungu. Ta wuce kai tsaye ɗakin shugabar sashen, wadda kowa ke kira Madam, mace ce mai kaifin ido da ba ta son kwana-kwana.

"Na zo in ce na gode, amma ba zan karɓi aikin ba."

Madam ta ajiye biro.

"Karatun kika zaɓa?"

"Ban sani ba. Amma ba na son aikin da aka roƙa min."

"Aka roƙa miki? Wa ya roƙa?"

Auta ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ta ji. Madam ta jingina da kujera, ta dube ta kamar ta ga sabon abu.

"Yarinya, ni ana roƙo na in ɗauki ma'aikaci? Dogo yana cikin masu yin intabiyu. Da ya ga sunanki sai ya zo ya ce in cire shi, wai akwai magana tsakaninku, ba zai iya adalci ba. Na cire shi. Ke kika ci abinki."

Auta ta ɗago kai.

"Ya ce ya yi magana da ke a kaina..."

"Ya yi. Bayan an gama na tambaye shi ra'ayinsa. Ya ce in ban ɗauke ki ba na yi asara. Sai kuma ya ce kada in matsa miki da neman amsa, wai akwai tambayar da kike bi, ba ki gama da ita ba." Madam ta taɓe baki. "Ni har haushi ya ba ni. Ina neman ma'aikaciya, shi yana nema miki hanyar tafiya."

Maimakon ta ji sauƙi, sai kan Auta ya ƙara kullewa. Da ta zo ne da zargin yana son ɗaure ta. Yanzu kuma ga shi kamar yana son ta tafi. To wanne ne?

"Ni zan gaya miki nawa," in ji Madam. "In kin zo nan, cikin shekara ɗaya za ki koyi abin da aji ba ya koyarwa. Amma ba zan ba ki wata shida ki zauna kina tunanin tambaya ɗaya ba, ba don haka ake biyan albashi ba. Je ki yi tunani. Yana ƙaramin ɗakin taro, in shi kike nema."

Ta same shi shi kaɗai, ya yi tagumi a gaban kwamfuta. Ya rame. Da ya gan ta ya miƙe, sai kuma ya rasa abin yi da hannuwansa.

"Ka yafe min," ta ce.

"Ya wuce."

"Bai wuce ba. Dogona, ka gaya min gaskiya... so kake in tafi?"

Ya yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"Ki tafi ina? Auta, ni so nake in buɗe ƙofar nan kullum in gan ki a teburin can kina yi wa kwamfuta tsawa. In na tuna za ki yi shekara biyu a wani gari, abinci ba ya wuce min. Shi ya sa bai kamata ki tambaye ni ba. Duk abin da zan faɗa, kaina zan yi wa."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Ni mahaifina ne ya zaɓa min digiri na biyu," ya ci gaba. "Na shiga don in faranta masa. Kullum in zauna gaban takardun bincike kamar an ɗaure ni. Ranar da na bari na zo nan, ranar na fara numfashi. Ban yi nadama ba. Amma na san yadda ake ji in wani ya zaɓa maka, ko da mai son ka ne. Ba na son wata rana ki kalle ni ki ce ni ne."

Ta zauna, ta share fuska da bayan hannu. Idonta ya sauka a kan farin allon da ke jikin bango. Wani ya zana jadawalin ƙananan kantuna, ya ja masa layi ya soke.

"Har yanzu a kashe yake?" ta tambaya.

"A kashe. Madam ta ce a bar shi."

"Ka san me nake zato? Mai ƙaramin kanti ba ya rubuta abin da aka nema bai samu ba. In maganin ya ƙare, mutane su zo su koma, manhaja sai ta ɗauka ba a son maganin ne..."

"Mun gwada wannan."

"Ba haka kuka gwada ba. Miƙo min makar rubutu a allon nan."

Ta miƙe ta hau zane. Ya kawo suka, ta rushe. Ya sake kawowa, ta tsaya ta ciji leɓe, ta goge rabin allon da tafin hannu ta sake farawa. Ta manta da kuka, ta manta da Baba da Umma, ta manta ma faɗa ya kawo ta. Sai da makar ta ƙafe ta juyo tana neman wata, ta ga ya daɗe da daina kawo suka. Yana zaune yana kallon ta, yana murmushi, idanunsa sun cika.

Ta dubi allon. Ta dubi hannunta da ya yi baƙi. Ta dube shi.

"Dogo..."

"Ban ce komai ba."

"Ina jin... ina jin tafiya zan yi."

"Na gani."

"Amma ina tsoro. In na je na tarar ba haka ba ne fa? In na dawo babu aikin? In ka gaji?"

"Biyun farko ban sani ba," ya ce. "Na ƙarshen kuwa, ki cire shi daga lissafi."

Da yamma ta durƙusa gaban Baba, Umma na gefe.

"Baba, zan je karatun."

Fuskarsa ta washe. Umma ta ajiye abin da ke hannunta.

"Amma ina roƙon abu ɗaya. Ka ga Dogo, ka ji ta bakinsa. Abin da aka gaya maka a kansa ƙarya ne, na je na tambayi shugabarsu da kaina."

Ta kwashe komai ta faɗa. Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. A duniya ba abin da ya tsana kamar a kawo masa amsa ba tare da hujja ba, ga shi kuma shi ya karɓa hannu biyu. Ya kira Ƙaramin Malam a waya a gabansu, ya tambaye shi sunan wanda ya ba shi labarin. Aka yi ta inda-inda a ɗaya ɓangaren. Baba ya ce, "Ka gaida mahaifinka," ya kashe. Daga ranar ba a sake ganin takalminsa a ƙofar falon ba.

Dogo ya zo ranar hutu, ya zauna a ƙasa, dogayen ƙafafunsa sun rasa wurin shiga. Auta da Yaya suka laɓe a bayan labule.

"Me ya sa ka bar karatu?" in ji Baba.

"Ba nawa ba ne, Baba. Na fi amfani a inda nake."

"Ita fa?"

"Ita nata ne. Na gani da idona."

"In na ba ka ita, ka ce ta zauna fa?"

"Da zan ce, da na ce tun tana roƙo na in zaɓa mata."

Baba ya gyaɗa kai. Can ya waiga wajen labulen ya ce, "Ku da ke tsaye a nan, a kawo wa baƙo shayi."

Umma ce ta fi wuyar lallashi. Ta yi kwanaki tana cewa an haɗa kai an raba ta da autarta. Sai da Dogo ya yi mata alkawarin duk zuwan da zai yi wurin Auta, in tana so, kujerar gaban mota tata ce, sannan ta sauko.

Aka ɗaura aure bayan ta gama jarrabawa. Ba su daɗe ba lokacin tafiya ya yi. Shi ya kai ta, ya jera mata littattafai a ɗan ɗakinta, ya gyara mata fitilar tebur, ya juyo shi kaɗai.

Watanni kaɗan da fara karatun, wata rana da tsakar rana, wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar aiki. Yana ɗagawa ya ji shessheƙa.

"Dogona, ina jin kuskure na yi. Abin da na zana a allon nan, Farfesa ta ce rabinsa ba daidai ba ne. Na gwada, na sake gwadawa, ya ƙi. Ƙawayena duk suna aiki, ni ina nan ina fama da abu ɗaya. Anya kuwa?"

Ya tura kujerarsa baya, ya fita baranda.

"Wataƙila kuskure ne," ya ce a hankali. "Wataƙila kuma ba shi ba ne. Kina son ki dawo? In kin ce e, gobe ina hanya."

Ya ƙara manna wayar a kunne. Yana jin numfashinta, yana jin ƙarar fankar ɗakin.

"Ta ce rabi ne ba daidai ba," ta ce daga baya, tana jan hanci. "Ba ta ce duka ba."

"To."

"Amma ka zo goben."

"Ina hanya, matata. Yanzu share hawayen, ki gaya min rabin da ya tsira."